Mota mai turbo tana rawa a silo kuma ba ta ja: wurin wa za ka kai ta a Kaduna?

Idan mota mai turbo ta fara karkarwa a tsaye, ka taka totur kuma ta ƙi ɗauka kamar da, maganar farko da za ka ji a gareji da yawa ita ce, "Alhaji, ai turbo ne ya tafi." Maganar tana da saurin shiga kunne, domin turbo ne ya bambanta motar da sauran, shi ne kuma mafi tsada cikin abubuwan da ake zargi. Sai dai akwai abin da ya kamata mai mota ya riƙe kafin ya sa hannu a aljihu. Hayaƙin da ke fita daga inji ne yake juya turbo, shi kuma ya tura iska ciki kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙeri. A lokacin da inji yake silo, wato yana aiki mota na tsaye ba a taka totur ba, yana juyi 600 zuwa 900 a minti, hayaƙin bai taka kara ya karya ba, turbo kusan hutawa yake yi. Saboda haka turbo da ya mutu zai iya kashe wa mota ƙarfi a kan hanya, amma da wuya shi kaɗai ya sa ta rawa a bakin danja. Idan alamun biyu suka haɗu, galibi laifin yana wani wuri da ya fi sauƙin kuɗi.

Kaduna gari ne na makanikai. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, kuma ogogi da yawa da ke riƙe da gareji a yau a kan 504 da 505 da 406 suka koyi aiki. Waɗannan motoci ba su da wani ɓoyayyen sirri. Amma abin da ke yawo a titin Ahmadu Bello yanzu ya canza: Peugeot 508 da 3008 masu injin 1.6 THP, Passat da Tiguan, Ford Escape da Edge masu EcoBoost, Honda Civic daga 2016 da Accord daga 2018 masu injin 1.5, Lexus NX200t, da Mercedes C300 na bayan nan. Duk ƙananan injuna ne da aka matse su su ba da ƙarfin manya. Mai irin wannan mota yana da hanya uku a gabansa: tsohon hannu mai aiki da kunne da ido, mai kwamfuta, ko kuma ya sayi ƙaramar na'ura ya fara dubawa da kansa.

Tsohon hannu

Ba na cikin masu raina shi. Abin da ya fi yawan haɗa rawar silo da rashin ja a mota mai turbo shi ne yoyon iska, kuma hannu da ido ne suke kama shi. Iskar da turbo ya tura tana bi ta tiyo, ta ratsa intakula a gaban lagireto don ta huce, sannan ta shiga inji. Idan tiyon nan ya tsage ta ƙasa, ko kilif ya saki, ko dutse ya huda intakula a hanyar Birnin Gwari, ciwo ɗaya sai ya fito da fuska biyu. A motocin da ke auna iska tun daga bakin eyakilina, idan mota tana silo, inji yana zuƙo iskar da ba a auna ba ta wannan tsaga, fetur ya yi kaɗan, sai rawa. Idan ka taka totur kuwa, iskar da aka riga aka auna aka ba ta rabonta na fetur ita ce take gudu waje, sai mai ya yi yawa, ƙarfi ya tafi, wani lokaci har da baƙin hayaƙi da ƙarar huci. Makaniken da ya san aikinsa zai bi tiyon nan da hannu, ya matsa, ya nemi inda maiƙo ya jiƙa ƙura, domin a nan iskar take fita.

Haka ma filogi da kwayil. A injin turbo matsin da ke cikin silinda yana da yawa, tartsatsi yana shan wuya kafin ya tsallaka. Shi ya sa tazarar bakin filogi a da yawa daga cikinsu ba ta wuce milimita 0.7 zuwa 0.8, alhali a motocin da muka saba ana samun 1.1. Kwayil ɗin da ya fara gajiya sai ya yi lafiya lau a cikin gari, amma da ka fito hanyar Zariya ka nemi wuce tirela sai mota ta fara misin, wato wata silinda ta riƙa ƙin kama wuta. Tsohon hannu yana da dabara mai kyau a nan wadda ba ta cin ko sisi: ya ɗauke kwayil daga silindar da ake zargi ya musanya da na maƙwabciyarta, ya ga ko ciwon zai bi shi.

Inda yake faɗuwa shi ne idan ciwon ba ya ganuwa. Daga nan sai a koma canki-canka da kuɗinka. Yau a wanke nozul, gobe a canza famfon mai, jibi a ce burenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Akwai kuma wasu al'adu da suka yi wa tsofaffin motoci daidai ko suka jure musu, amma suke kashe injin turbo a hankali. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye yana hana inji kai zafin da aka tsara masa, sai ya riƙa shan mai da yawa, fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Zuba mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta wa 5W-30 ko 0W-20 yana jinkirta isar mai ga turbo da safe, ga shi kuwa abu ne da ke juyi sama da 100,000 a minti. Sai hure eyakilina da iskar mai faci a lokacin hunturu maimakon a canza shi: takardar tana yagewa ba a gani, ƙurar Disamba ta wuce ta zauna a kan na'urar auna iska, ta kuma riƙa cin fukafukan turbo.

Batun indomi kuwa, wato katalis, tukunyar tace hayaƙi da ke kan bututun salansa, a yi hattara. Gaskiya ne idan katalis ya toshe mota ba ta ja, musamman a hawa ko bayan ta yi zafi. Amma cikinsa akwai ƙarafa masu daraja, yana da masu saye, don haka kada ka yarda a fasa shi a kan zato. Ana iya kwance na'urar iskar oksijin da ke gabansa a auna matsin hayaƙi, ko a ɗan taka motar a ji ko ta saki. Kuma katalis ba ya toshewa haka kawai. Yawanci misin ɗin da aka daɗe ana tuƙi da shi ne ya narkar da shi. In ba a gyara tushen ba, an yi ba a yi ba.

Mai kwamfuta

Masu sikanin iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi bambancin da ke tsakanin makanike da rewaya. Na farko zai jona na'ura, ya karanto maka lamba, ya goge ta, wutar cek inji ta mutu, ya karɓi kuɗinsa. Wannan bai yi maka komai ba, ya ma share shaidar da wani zai yi aiki da ita. Na biyu shi ne wanda zai ce ka tayar da mota, ya zauna yana kallon alƙaluma suna motsi, sannan ya ce, "Oga, mu hau hanya."

Lamba ba ta faɗin abin da za a canza, tana faɗin abin da burenbos ya lura da shi ne kawai. P0299 na nufin iskar da turbo ya kamata ya kawo ba ta cika ba. Ba ta ce turbo ya mutu ba. Tiyo da ya tsage zai kawo ta, ƙofar da ke rage wa turbo hayaƙi idan ta saki za ta kawo ta, bawul ɗin da ke mayar da iska idan robarsa ta yage, kamar yadda aka sani a injin 2.0 na Volkswagen da Audi, shi ma zai kawo ta. P0171 na nufin iska ta fi fetur yawa. P0300 misin ne a silinda barkatai, P0301 zuwa P0304 kuwa suna nuna silindar da abin ya shafa. P0101 tana nuni ga na'urar auna iska, P0420 ga katalis, P0234 kuwa iska ce ta wuce kima. Duk wanda ya ga P0299 ya tura ka sayen turbo nan take, karatun lamba ya iya, ba bincike ba.

Abin da ya sa nake ganin mai kwamfuta na gari ya fi kowa amfani a wannan ciwo shi ne wani alƙalami guda: yawan fetur ɗin da burenbos yake ƙarawa ko ragewa don ya daidaita ƙonewa. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai. Idan komai lafiya, gyaran da burenbos ke yi yana yawo kusa da sifili. Da ya wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai magana. Yadda yake motsi kuma shi ne yake tona asiri. Idan ƙarin ya yi sama a silo amma ya sauko da ka ɗaga totur, inji yana zuƙar iskar sata ta wani wuri. Idan a silo lafiya, amma da mota ta ɗauki nauyi sai ƙarin ya hau, fetur ne ba ya isa, sai a koma kan famfo da filta. Idan kuwa a lokacin da turbo ke aiki burenbos yana rage mai sosai, iskar da aka auna tana zurarewa a hanya. Kunne, komai ƙwarewarsa, ba zai raba maka waɗannan uku ba.

Haka nan zai iya ɗora matsin iskar da burenbos ya nema a kan wanda aka samu, ya ga ko suna tafiya tare. Zai ga matsin babban famfon mai, wanda a injunan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda yake kai 100 zuwa 200 a ma'aunin matsi na bar, kuma sananne ne yana ba da matsala a 1.6 THP. Zai ga ko burenbos yana ja da lokacin tartsatsi baya saboda inji yana ƙwanƙwasa. Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai, domin motocin Turai da yawa an rubuta RON 95 a murfin tankinsu, wato matakin fetur mai jure matsi ba tare da ƙwanƙwasa ba, mu kuwa a gidan mai ba a tambayarka wane iri kake so. Idan rashin jan ya fara ne washegarin da ka sha mai a wani wuri da ba ka saba ba, ko ka sayi na bumburutu, faɗa masa tun farko.

Tambaye shi da wace manhaja yake aiki. Na'urorin Launch da Autel suna shiga yawancin motoci, amma kowane kamfani yana da tasa da ta fi zurfi: Diagbox ga Peugeot, VCDS ga Volkswagen da Audi, FORScan ga Ford, Techstream ga Toyota da Lexus, XENTRY ga Mercedes. Rauninsa kuwa shi ne sau da yawa ba ya son hannunsa ya yi baƙi. Zai ce maka akwai yoyon iska, amma bai san inda yake ba. Kuma akwai ciwon da ba ya barin lamba mai ma'ana. Babban misali shi ne daskararren baƙin da ke taruwa a bayan bawulolin shigar iska a injunan da ke fesa mai kai tsaye. Tun da fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin balle ya wanke shi, tururin baƙin mai sai ya riƙa daskarewa har ya matse hanya. Alamarsa rawa da safe kafin inji ya yi zafi, da ƙarfi da ke raguwa a hankali har ka saba. Maganin wanke nozul da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin ko kaɗan. Sai an cire manifol, wato bututun da ke rarraba wa silindoji iska, an leƙa, ko an zura 'yar kyamara, sannan a kankare.

Na'urarka ta aljihu

Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da ta Turai mai fetur daga 2001, tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'ura irin ELM327 tana shiga nan ta haɗu da wayarka, ka karanta da manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Ba za ta gyara maka mota ba, kuma ba ta ganin lambobin da kamfani ya keɓe wa kansa. Jabunta ma sun cika kasuwa. Amfaninta shi ne ta hana a yi maka rufa-ido. Ka ɗauki hoton lambobin da yanayin da inji yake ciki lokacin da suka fito, kafin kowa ya goge. Idan mota tana yin abin nata ne jefi-jefi, ta kulle ƙarfi a hanyar Abuja, ka kashe ka kunna ta dawo daidai, to kai ne kaɗai kake wurin lokacin da abin ya faru.

Wani ɗan abu da zai iya ruɗa ka: idan ka murɗa makulli ba ka tayar da inji ba, na'urar matsin iska za ta nuna kusan 94 a ma'aunin matsi na kPa, ba 101 da za ka gani a littattafai ba. Ba lalacewa ta yi ba. Kaduna tana kan tudu ne, kimanin mita 600 sama da teku. Idan ta nuna abin da ya yi nesa da haka sosai, ita kanta abar zargi ce.

A ganina, sayen na'urar aljihu ya dace da wanda yake yawan tafiya, ko mai motoci fiye da ɗaya. Wanda zai ga lamba ya ruga Oriyafata ko Panteka ya sayo duk abin da intanet ta ambata, gara ya bar kuɗinsa.

To wanne za ka zaɓa? Ya danganta da yadda ciwon ya zo. Idan ya zo farat ɗaya da ƙarar huci, ko jim kaɗan bayan sabis ko wani aiki da aka buɗe bonet, fara da tsohon hannu, domin da alama wani abu ne ya saki ko aka manta ba a ɗaure ba. Ka roƙe shi ya gwada tiyon da iska: a toshe bakin shiga da murfi mai bawul ɗin taya, abin da masu ƙere-ƙeren Panteka za su haɗa cikin sauƙi, a ba shi iska kaɗan, a fesa ruwan omo a kowace mahaɗa a nemi kumfa. Idan akwai mai injin hayaƙin gwaji, ya fi. A Volkswagen da Audi a gwada buɗe murfin baƙin mai inji yana silo. In ya manne da ƙarfi ana jin fito, robar bawul ɗin numfashin inji ce ta yage, kuma ƙaramin abu ne. Idan kuwa ciwon ya shigo a hankali, ko yana zuwa yana tafiya, ko an riga an canza abu biyu ba a dace ba, tsaya da saye, nemi mai kwamfuta na biyun nan, sannan ka kai sakamakonsa wurin makanikenka. Garejin da mutum biyun suke aiki a inuwa ɗaya ya cancanci ƙarin kuɗin da zai caje ka.

Alamu biyu ba sa jiran zaɓi. Idan wutar cek inji tana ƙiftawa ba tsaye take ba, ɗanyen fetur yana zuba cikin katalis, ka rage gudu ka tsaya. Idan kuma ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi da rawa da safe, a gwada matsin silinda kafin komai. Wasu injunan EcoBoost 1.5 da 2.0 an san su da shigar ruwa cikin silinda, kuma babu filogin da zai magance wannan.

Masu motar gas, wato dizal, irin Hilux D-4D ko Peugeot HDi, lissafinsu ya ɗan bambanta: babu filogi da kwayil, zargi yana komawa kan nozul, bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji idan ya cushe da baƙi, da fukafukan cikin turbo masu motsi da ke maƙalewa.

Idan turbo ɗin ne da gaske

Yana da alamunsa: shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana raguwa, kuka kamar jiniya da ke tashi tare da totur. A cire tiyon gabansa inji a kashe, a kama sandar tsakiya a girgiza. 'Yar motsi gefe da gefe ba laifi ba ce, amma idan tana shiga tana fita, ko fukafukai suna gogar jiki ko sun gutsure, ya gama. Ɗan maiƙo a cikin tiyo kuwa kusan kowace mota mai turbo tana da shi, kada a tsorata ka da shi.

Tokumbo ya fi sauƙin samu, amma ba ka san irin wahalar da ya sha ba. Ka je da tsohon, a dace lambar da ke jikin farantinsa, ko Garrett ne ko BorgWarner ko IHI, domin injin iri ɗaya yana iya zuwa da turbo daban-daban. Canza cikinsa kawai, wato sanda da fukafukai da aka haɗa aka daidaita tun daga masana'anta, ya fi araha kuma yana yi idan kaskon waje bai tsage ba. Abin da ba na ba da shawara shi ne a warware shi a kan benci a sa sababbin zobba a mayar ba tare da injin daidaitawa ba, a irin gudun da yake yi ba ya daɗewa. Sabo na asali shi ne kwanciyar hankali ga wanda zai riƙe motar shekaru, in aljihu ya yarda.

Ko wanne ka ɗauka, sai an gano abin da ya kashe na farko, kuma yawanci yunwar mai ce ko ƙura. A canza siririn bututun da ke kai masa baƙin mai, domin yana toshewa da ƙonannen mai, abin da ya yi ƙaurin suna a 1.6 HDi. A zuba sabon mai irin wanda littafin motar ya ce, da sabuwar filta da eyakilina. A cire intakula a wanke, musamman a motar gas, inda man da ya taru a ciki zai iya sa inji ya ɗauki gudu da kansa ya ƙi mutuwa. A ɗura wa sabon turbo mai ta bakinsa kafin a tayar, a bar shi ya yi silo na 'yan mintuna. Da mai sayarwa kuma ku yi magana a gaban makanikenka kan kwanakin gwaji, a rubuta a rasit, sannan a hau baifas da kwamfuta a jone a tabbatar matsin da burenbos ya nema shi ne ake samu.